Ƙwallon Amana da Ɗigon da Ya Hau Sama

Da safiyar ranar da zai tafi Yanbu, Alhaji Idrisa ya buɗe kabad ɗin falonsa a unguwar Al-Awali ta Madina ya ɗauko ƙwallon besbol, wasan Amurkawa. Ta suɓuce, ta bugi tayil, ta yi tsalle har gwiwarsa.

"Innalillahi! An sace mini kura!"

'Yarsa Safiyyatu, malamar lissafi, ta fito daga kicin.

"Baba, ba ga ta nan ba?"

"Ba ita ba ce. Tawa ta zamanin yaƙin duniya ce, lokacin da aka daina sa mata roba don yin tayoyin soja. Ba ta tsalle haka."

Ƙwallon amana ce. Mista Dawson, injiniyan da Alhaji ya yi wa aiki a matatar man Yanbu, ya bar masa ita ajiya da zai koma Amurka. Ta mahaifinsa ce, ɗan wasan kulob, wanda ya rubuta bajintarsa ta 1943 a jikinta: .312. Yanzu Dawson ya dawo Yanbu, kuma gobe jirginsa zai tashi, don haka yau Alhaji zai mayar masa da ita.

Safiyyatu ta juya ta bogin a hannu. An shafa mata shayi don ta tsufa, an kuma kwaikwayi rubutun. Ta daɗe tana kallonsa. Mutum biyu ne suka shiga falon a makon nan, sai ta kira su.

Ta fara da Maigandi, mai kula da dabinon gidan, wanda bai daɗe da zuwa daga Nijar ba.

"Ka ga kurar Baba?"

Maigandi ya ja da baya. "Kura, Hajiya? A cikin gida? Wallahi da na gan ta da tuni ina kan dabino!"

Ta danne dariya. Bai ma san cewa a bakin mutanen Madina kura ƙwallo ce ba. Ta sallame shi.

Saura Abdussamad, ɗan ƙanwar Alhaji, haifaffen Madina, mai aikin kaya a filin jirgi.

"Wallah ya Abla, ma shuft," in ji shi da Larabci. "Ban gani ba."

"To. Taimake ni, zan sanar da 'yan sanda. Me aka rubuta a jikinta?"

"Sifir, uku, ɗaya, biyu."

"Rubuta mini a tafin hannunka, da lambobin boko."

Ya rubuta. Ta kama hannun, ta ɗora ƙwallon bogin kusa da shi.

"Baba, duba. A rubutun Bature ɗigon nan a ƙasa yake zaune, alamar ɓangare ce. A cikin bugu dubu, ɗari uku da sha biyu sun yi kyau. Amma wanda ya tashi da lambobin Larabci, ɗigo a wurinsa sifiri ne, yana ɗaga shi tsakiyar layi ya cika shi da tawada. Ga shi a ƙwallon, ga shi a hannun. Abdussamad, tun kana firamare nake gyara maka wannan."

Abdussamad ya sunkuyar da kai. Wani abokin aikinsa ne ya ce masa irinta tana tsada a waje, har ya samo masa sabuwar. Ta gaskiyar tana motarsa, cikin safa.

"Na kasa sayarwa, Kawu. Ka yafe mini."

Da ya kawo ta, Alhaji ya sake ta a kan tayil. Ta faɗi dim, da ƙyar ta motsa. Ya ɗauke ta yana murmushi.

"Na yafe. Amma kai za ka tuƙa ni Yanbu, kuma zan ba ka labarin wasannin 1943 ɗaya bayan ɗaya."

"Duka, Kawu?"

"Duka. Abin da ya rage mu ƙarasa a hanyar dawowa."