Dutsen Tare Taya

Bayan la'asar motar Bilya ta yi zafi a hawan dutse, kan hanyar Rumsiki. Tun asuba suka baro Garwa, shi da ƙanwarsa Yelwa da ƙawarta Berthe, 'yar duwatsun nan, wadda ta yi alkawarin nuna musu ƙasar kakanninta.

Kyau kam akwai shi. Duwatsu tsaye tsirin-tsirin, gonakin dawa hawa-hawa, rana ta yi ja a bayansu. Yelwa dai ba kallo take ba, kwaikwayon yayanta take, har da tura baki da ɗan Faransancinsa.

"Motata sabuwa ce, ma sœur, daga Duwala!"

"Ki ci gaba, aku," in ji Bilya. "Da ƙafa za ki koma."

Birkin hannu ba ya kamawa. Ya waiga, ya ga wani gini na duwatsu jikin tsauni, ya zaro ɗaya ya tare taya. Berthe ba ta gani ba, tana ciro jarka. Suka gangara rafi neman ruwa, suka bar Yelwa gadin mota.

Inda dutsen ya fita, rami ya bayyana, baƙi ƙirin. Sai ta tuna hirar Berthe da safe: zamanin mahara masu kama bayi, mutanen dutse kan shige kogo su toshe baki daga ciki. Wasu ba su sake fitowa ba.

Tsuntsaye suka yi tsit.

Warin tsohon hayaƙi ya taso, da na jiƙaƙƙiyar dawa.

Ta buɗe baki za ta kira Bilya. Hannu ya rufe mata shi. Sanyi ƙalau, kaushi kamar na mai niƙa.

"Shiru, 'yata," aka raɗa mata. Ba Hausa ba ce, ba Fulatanci ba, amma ta gane. "Dawakai na zuwa."

Babu doki ko ɗaya. Ta so ta faɗa. Ba hali.

Wasu hannayen suka kama ƙafafunta, ƙanana, na yara. Ba da mugunta ba. A hankali suke janta, kamar masu ceto. Duwatsun ginin suna matsawa da kansu.

Ta ga Bilya can ƙasa yana dariya. Ta shure. Takalminta ya fita.

Gwiwa ta shige. Ƙugu ya shige.

Ciki ana numfashi, mutane da yawa, kowa na ƙoƙarin kada a ji shi.

Jarka ta faɗi daga hannun Berthe, wadda ta hauro daga rafi ta hango ramin. "Jésus! Bilya, ina ka samo dutsen can? Taka birki!"

Berthe ta fizge dutsen daga ƙarƙashin taya, ta durƙusa bakin ramin tana magana da yarensu.

"Kaka, sun tafi. Sun daɗe da tafiya. Wannan baƙuwata ce."

Hannun ya yi jim. Ya shafa kuncin Yelwa. Ya saki.

Berthe ta jawo ta waje, ta mayar da dutsen mazauninsa.

Yelwa ta koma Garwa lafiya, sai dai muryarta ba ta ƙara wuce raɗa ba. Kwaikwayo ya ƙare. Rannan wani ya wuce ƙofar gidansu a kan doki, 'yar Bilya tana waƙa a cinyarta. Kafin ta ankara, hannunta ya rufe bakin yarinyar.

Yarinyar ta ce hannun Goggo sanyi ƙalau.