Dawuda Da Maganin Bidiyo

"Mi kay yi ma ɗiyata, Dawuda?"

Dada ce, surukarsa, ta taso tun daga Fakku. Dawuda ya sunkuyar da kai. Matarsa Ummulkulsum na ɗaki kwance, kwana biyu ba ta ce uffan ba.

Wata bakwai ke nan da babur ya kife da ita da ƙanenta Sambo a hanyar Kebbe. Ita ta tashi, shi bai tashi ba. Tun ranar, ƙarar babur kawai sai jikinta ya ɗau ɓari.

Shi kuwa Dawuda bakanike ne, irin wanda bai taɓa kai gyara wurin wani ba. Ya ga bidiyo a waya, likita na kaɗa yatsa, mai firgici na bi da ido yana tuna abin da ya same shi har tsoron ya lafa. Gogan naka ya ce ai wannan ba wuya. Ya zaunar da ita, ya tono mata ranar nan kaf. Ta ruɗe, yadda ake tsayawa kuwa bidiyon bai koya masa ba.

"Sati guda," in ji Dada. "Ka samo wanda yas san aikin, ko in tafi da abata."

Wani mai kemis a Tambuwal ya ce zama ɗaya ya isa.

"In ta ruɗe tsakar aiki fa?" in ji Dawuda.

"Ba ta ruɗewa."

Dawuda ya ɗauki hularsa. Shi ma haka ya ce ranar da ya zaunar da ita.

A Sakkwato su uku suka sami Likita Saudatu, likitar ƙwaƙwalwa. Da Dawuda ya nema, ta nuna takardar horonta ba tare da jin haushi ba.

"In ta ruɗe fa, likita?"

"Shi ya sa ba zan ɗaga yatsa yau ba, ko sati mai zuwa. Sai ta koyi yadda za ta natsar da kanta tukuna." Ta dubi Ummulkulsum. "Wa kike so ya zauna kusa da ke?"

Dada ta gyara zama. Dawuda ya miƙe.

"Ki yafe mani, Ummuna..." ya ce, ya nufi ƙofa.

Ta kama bakin rigarsa.

"Shi," ta ce a hankali. "Kullum shi ka kashe injin tun bakin layi, ya turo babur har gida don kada in ji."

Dada ta daɗe tana kallonsu. Da la'asar ta koma Fakku ita kaɗai.