Mai Baki Huɗu

Gab da la'asar aka sanar da Sufeto Usumanu cewa wata warsha, wato garejin gyaran mota, ta kama da wuta a bayan kasuwar hatsi ta Gadarif, kuma da mutum a ciki. Kafin ya iso an kashe wutar da ƙasa, an lulluɓe gawar da buhunan riɗi.

Mamacin Babiker ne, tsohon makanike daga cikin waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum. Ya tsira daga harsashi, ya tsira daga yunwar hanya, sai ga shi ya mutu a kan gadon igiyar da yake ƙailula a ƙuryar gareji. Irin wannan mutuwar ce take ƙona wa Usumanu rai.

Jama'a kuwa har sun gama shari'a, ba alƙali ba shaida. Kowa ka taɓa sai ya ce mai baki huɗu ce ta ci shi.

Mai baki huɗu tsohuwar boksi ce, a-kori-kurar da Babiker ya gudo da iyalinsa a cikinta. Kafiretonta ya mutu, an rasa irinsa. 'Yarsa Tibyan, wadda yaƙi ya katse wa karatun injiniya, ta ciro maƙogwaron iska guda huɗu daga wani mataccen babur, ta jera su a kan sanda ɗaya, kowace silinda da bakinta da allurar da ke fesa mata mai, wata 'yar kwamfuta tana raba musu. Unguwa ta sha dariya. Mace da sifana? To, ga shi yau dariyar ta koma tsinuwa.

Tibyan na tsaye gefe, idonta a bushe. Da ta ga kaki ta miƙo hannuwanta biyu.

"Janabu, ranka ya daɗe, ni ce. Aikina ya kashe Baba. Ka tafi da ni."

Wani dattijo ya matso yana sharɓar hawaye, hannuwansa cikin hannun jallabiya. Ɗantsoho ke nan, ɗan baffan mamacin, mai babbar warshar da ke manne da wannan, shi ya ba su rumfar lokacin da suka zo ba su da ko tabarma. Ya ce tun safe yana garin Basunda wurin biki, dawowarsa ke nan ya tarar da toka. Ya ce ya sha yi wa ɗan'uwansa gargaɗi, mota ba tukunyar miya ba ce.

Usumanu kuwa ƙofar kwanon warshar yake kallo. 'Yan dakon da suka fara kawo ɗauki sun ce a rufe suka same ta, sai da suka zare sakata. Sakatar kuwa ta waje ce.

A ofis ya zaunar da Tibyan, ya sa aka kawo mata ruwa, ba ta taɓa ba.

"Da kika tafi gida da azahar, kin rufe ƙofa?"

"A buɗe na bar ta, saboda iska. Baba ba ya iya tashi da sauri, ƙafarsa."

"Motar tana aiki?"

"Tun da na haɗa ta ba ta taɓa tashi ba. Gobe muka shirya gwada ta."

"To, daga ina man ya fito?"

Can sai hannunta ya kai gefen mayafinta, ta kwance wani ƙulli. Ɗan fiyus ne shuɗi, na famfon mai. Kullum za ta bar warsha sai ta cire shi, in ji ta, don ba ta gama ɗaure bututu ba. In babu shi, ko ɗigo ba zai taso daga tanki ba. Baba ma ya sani.

Ta daɗe tana kallon abin a tafinta. Baƙin ciki ya mantar da ita shaidar da take ɗauke da ita a jikinta, ta zo tana roƙon a ɗaure ta.

Washegari da safe Usumanu ya koma warsha. Ya leƙa cikin injin da ya ƙone. Bakuna uku da ragowar tsumman da aka toshe su da shi, na huɗun a buɗe. A ƙasa ga sukundireba, ga kuma wani ɗan finjali, ƙaramin kofin gahawa, ya yi baƙi ƙirin.

Ya ɗauke shi ya tsallaka wurin Sabuwa mai shayi, wadda kaskon gawayinta ke kallon ƙofar. Ta rantse da Allah ba ta ga komai ba, barci ya ɗauke ta. Usumanu ya ajiye finjalin a jerin nata. Baki ɗaya, zane ɗaya.

"Mai barci ba ta sayar da gahawa, Sabuwa. Wa ya ɗauki wannan?"

Ta gyara mayafi, ta hura wutar da ba ta mutu ba. Da ƙyar ta ce ta ji sitata tana kuka, tana kuka, motar ta ƙi tashi. Sai ƙara kamar bindiga. Sai ƙarar ƙofa.

"Wa ya rufe ta?"

"Janabu, ni a inuwar wani nake dafa shayina. Marayu ne da ni."

Bai matsa mata ba, ta riga ta faɗa. Filin nan kaf inuwar mutum ɗaya ce, ta Ɗantsoho.

Yana komawa mota yana juya finjalin. Mahaifinsa direban babbar mota ne, ya san wannan dabara tun yana ƙarami. Mota ta ƙi tashi, tsohon hannu sai ya zuba ɗan fetur a bakin kafireto, ya danne bakin da tafinsa, ya haɗa sitata da sukundireba. A kafireto tana ci. Da ya tambayi Tibyan, ta ce a nata injin, da ba a gama saita lokacin wutarsa ba, bakin zai tofo wutar ne a hannun mai shi.

Da hantsi ya isa zaman makoki, ya bar Tibyan da wani sajensa a mota. A ƙofar gidan Ɗantsoho aka kafa rumfa, shi ne babban mai karɓar gaisuwa, an kewaye shi ana yaba zumuncinsa. Kai, duniya. Ya miƙe tarbar sufeto, hannuwa a cikin jallabiya kamar jiya.

Amma a ƙasar nan gaisuwar mutuwa ba da baki kaɗai ake yin ta ba. Usumanu ya tsaya a gabansa, ya ɗaga tafukansa biyu.

"Al-Fatiha."

Duk rumfar ta ɗaga hannu. Mai makoki ba shi da yadda zai ƙi. Ɗantsoho ya fito da nasa a hankali, na hagu fari, na dama jawur da lalle.

Aka shafa. Usumanu ya kama hannun, bai saki ba.

"Lalle a gidan mutuwa, Hajj?"

"Na bikin Basunda ne. Abokan ango aka sa wa."

"Bikin wa?"

"Ɗan wani abokina."

"Lallen biki yana kama yatsu. Naka tsakiyar tafi kawai, kuma da safen nan aka ƙara shi."

Ya juya tafin ga haske. A ƙarƙashin jan lallen ga bororon ƙuna, zagaye cif kamar an ɗora bakin kofi. Saje ya kawo maƙogwaron da suka kwanto daga injin. Usumanu ya kifa shi a kan ƙunar, ya zauna daidai.

Ɗantsoho ya zube a tabarma. Maganar ta fito a guntule. Manoman da suka shekara suna kawo masa motoci sun fara tsayawa a rumfar yarinyar suna leƙe, suna tambaya. Shi da ya tsufa a cikin baƙin mai, ya rasa gane abin da 'yar ɗan'uwansa ta haɗa. Ya so ya ji kukan injin shi kaɗai, ya gane sirrin, ba tare da an ce Ɗantsoho ya tambayi mace ba. Ya tsiyayi fetur daga galan, ya zuba, ya danne. Wuta ta tofo, ya yi cilli da hannu ya ture galan ɗin.

"Ƙofar fa?" in ji Usumanu.

"Iska tana kaɗa wutar wajen warshata."

"Ka san yana ciki?"

Ɗantsoho ya sunkuyar da kai. "Na ji ya kira sunana."

Tibyan ta riga ta sauko daga mota, ta ratsa mazan ba ta nemi izinin kowa ba. Ta tsaya a kansa, ta buɗe tafinta.

"Baffa, wannan ne kawai ya hana ta tashi. Da ka tambaye ni, wallahi da na ba ka, har na nuna maka inda ake sa shi."

Sannan ta juyo ga Usumanu, muryarta ta karye a karon farko.

"Janabu, ka faɗa musu ba aikina ba ne. Ka faɗa da ƙarfi."

Ya faɗa da ƙarfi, har matan da ke cikin gida suka ji. Mutanen da jiya suka tsine mata suka duƙufa kallon kofunan shayinsu. Ko ɗaya bai ce ta yafe masa ba.

Saje ya sa wa Ɗantsoho ankwa, yana kaffa-kaffa da hannun mai ciwo, aka wuce da shi ta tsakiyar rumfar da ya kafa da kansa. Usumanu ya waiwayo kafin ya shiga mota. Tibyan tana nan inda ya bar ta. Ta duba fiyus ɗin, ta duba wajen kasuwa inda warshar take, sannan ta mayar da shi gefen mayafinta ta ƙulle, kamar gobe akwai motar da za ta gwada da uban da zai saurari kukanta.