Zanin Gadon da Inna Ta Bari

Falon Alhaji Sanda a Unguwar Kanawa ya cika da mata, akwatunan lefe a jere a tsakiya. Gwaggo Hassana, yayar Alhaji, wadda ta yi ritaya daga aikin gwamnati, ita ke buɗewa tana ɗaga kaya. Leshi, atamfa, takalma, mata sai guɗa suke. Mardiyya, amaryar, 'yar Alhaji, tana leƙe ta bayan labule.

A ƙasan akwatin ƙarshe Gwaggo ta zaro wani farin zanin gado mai ɗinkin hannu, furanni ja da kore sun zagaye bakinsa. Ta riƙe shi da yatsu biyu.

"Wannan kuma mene ne?"

Mama Deborah, maƙwabciyar su ango Rilwanu, tana cikin masu kawo lefen. Ta ce, "Hajiya, aikin marigayiya ne, Innar Rilwanu. Tana jinya tana ɗinka shi, ta ce na matar ɗanta ne. Allah bai nufa ta gama ba, sai matan Islamiyyarta kowacce ta sa fure ɗaya. Ni ma akwai nawa a ciki."

"Allah ya jiƙanta," in ji Gwaggo, baki a taɓe.

Baƙi na fita Gwaggo ta juyo kan Mardiyya. "'Yar darakta guda a kawo mata ɗinkin 'yan koyo? Ƙawayenki su zo ganin ɗaki su ɗauka a waya, a yi ta yawo da mu?"

"Gwaggo, ni ina son shi."

"Rufe min baki. An ce miki so ake shimfiɗawa a gado?"

Washegari Mardiyya ta nemi zanin ta rasa. Gwaggo ta ce ta adana shi.

A lokacin jama'ar unguwa na gina sabon masallaci da hannunsu, har da ɓangaren mata inda Islamiyyar Inna za ta koma, ta bar gindin bishiyar da ta daɗe tana zama. Liman ya yi sanarwa a kawo tsofaffin buhuna da tsummokara, a lulluɓe sabon siminti ana jiƙawa don kada ya tsage. Cikin tarin da ya fito daga gidan Alhaji Sanda Gwaggo ta cusa zanin.

Ranar Asabar Rilwanu ya rufe shagon ɗinkinsa na Kawo ya zo aikin gayya. Yana ɗauke da bokitin ruwa ya nufi ginshiƙin ɓangaren mata, sai ya tsaya cak. Furannin Inna ne naɗe a jikin ginshiƙi, siminti ya daskare a kansu, ruwa na ɗiga daga gefen da ta fi daɗewa a kai. Ya san furen. A kansa ne allura ta fara kuɓuce mata, ta ce, "Rilwanu, zura min zare, idona ya gaji."

Bai san lokacin da bokitin ya faɗi ba. Ya warware zanin, ya rungume shi haka a jiƙe, ya nufi gidan Alhaji Sanda.

Mardiyya ta same shi a zaure. Tana ganin abin da ke hannunsa ta dafe bango.

"Da kun ce ba kwa so, ai da na zo na karɓi abina," ya ce. "Tsumma? Aikin mahaifiyata ne tsumman jiƙa siminti?"

"Wallahi ban sani ba, Rilwanu —"

"Ki sani ko kada ki sani, daga gidanku ya fito. Mace tana kwance, numfashi na yi mata wuya, tana ɗinka wa yarinyar da ba za ta ga aurenta ba. Leshin da kuka yi wa guɗa kowa zai iya saya a kasuwa. Wannan fa? A ina zan samo wani?"

"Ka tsaya ka ji ni."

"Na gama ji. Zan turo a kwashe akwatunan. Gidan da aka jefar da Inna, ni ma an jefar da ni."

Ya juya zai fita. Mardiyya ta sha gabansa, ta fizge zanin daga hannunsa, hawaye na zuba amma idonta a tsaye.

"Kwashe akwatunanka duka, har da makullansu. Amma wannan ba naka ba ne. Ni Inna ta ba."

Ya kalle ta, ya fita.

Ta shiga falo ta shimfiɗa zanin a gaban mahaifinta da Gwaggo, ruwan siminti na bin kafet. Ba ta ɗaga murya ba, ta faɗi abin da ya faru.

Gwaggo ta ce, "To don wannan ƙyallen zai fasa aure? Ya fasa mana! Sadaka na yi wa masallaci."

Alhaji ya daɗe yana kallon furannin. "Yaya, sadaka da kayan wani? Matar nan ita ta koya wa Mardiyya Fatiha a gindin bishiyar can. Ranar da uwar yarinyar nan ta rasu, ita ta yi mata wanka. Kin manta?"

Gwaggo ta kawar da kai tana gyara ɗankwali.

Mardiyya ta wanke zanin har tafin hannunta ya saɓule. Yawancin simintin ya fita, amma ya cinye furannin gefe guda. Ta naɗe shi ta tafi gidan Mama Deborah.

"Mama, ki koya min."

"'Yata, kin taɓa riƙe allura kuwa?"

"Maɓalli ma ban iya sawa ba."

Mama Deborah ta yi dariya har da share ido. "Zauna. Haka marigayiya ta same ni."

Kullum bayan la'asar sai Mardiyya ta zo. Matan Islamiyya suka ji labari, masu furen da ya lalace suka dawo da zarensu. Rilwanu kuwa fushi na cinsa a shago, yana taka keke kamar da shi yake faɗa. Bai turo an kwashe akwatunan ba, bai kuma ɗaga wayarta ba. Ita ma ba ta aika kowa roƙonsa ba.

Ran nan Mama Deborah ta tare shi a ƙofar gida. "Shigo ka duba min kan kekena, ya ƙi ja."

Yana shiga tsakar gida ya ga mata zagaye da zanin a kan tabarma. Mardiyya na tsakiya, yatsunta duk filasta. A gefe kuwa Gwaggo Hassana ce, gilashi a kan hanci, tana fama da allura.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai tela, zo ka zura min zaren nan. Idona ya gaji."

Maganar ta doki ƙirjinsa. Ya durƙusa a hankali ya karɓi allurar, ya zura ya miƙa mata.

"Na yi maka laifi, ɗan nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na yi wa marigayiya. Ka yafe min."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi abin da ta ɗinka.

"Gwaggo, wannan fure ne ko kaza?"

Tsakar gida ta ɗauki dariya, Mardiyya na yi tana kuka.

An ɗaura aurensu a sabon masallacin, tun fenti bai gama bushewa ba. A ɗakin amarya an shimfiɗa zanin, da kazar Gwaggo a gefe, da wani tabon siminti kusa da furen Inna wanda ya ƙi fita. Mardiyya ta hana a rufe shi.

Wanda duk aka ba kyautar da hannu ya yi, ya sani wani ɓangare na ran mai ita aka ba shi, kada ya auna ta da idon kasuwa. Fushi ya kusa raba Rilwanu da matar da Innarsa ta ɗinka wa zani, haƙurin Mardiyya ya mayar masa da ita. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka tafi suka bar mana aikin hannunsu.