Awa Shida Zuwa Gida

"Ba inda za ni, Leetia! Ki daina haɗa min kaya!"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ci gaba da cusa rigunan sanyinsa a jaka, cikinta ɗan wata tara yana tokarar bakin gado. Sati uku ke nan da aka kawo ta Ottawa, babban birnin ƙasarsu, jiran haihuwa, don likita ya ce cikin na da hatsari, ɗan asibitin garinsu Pond Inlet, can ƙuryar arewa, kuwa ba zai iya da shi ba. Mijinta Pauloosie ne ɗan rakiya. Da safen nan ƙanwarsa ta bugo tana kuka, wai mahaifiyarsu Rhoda ta daina cin abinci, sunansa kawai take kira.

"Awa uku zuwa Iqaluit, uku zuwa gida. Shida ne fa kacal, masoyina. Ka gan ta ka dawo..."

"Shida a takarda! Jirgin da sai ya ga dama yake tashi? In naƙuda ta zo, wa zai riƙe miki hannu? Wa kika sani a garin nan?"

Ba ta san kowa ba, kuma tsoro take ji kamar ranta zai fita. Amma ta san mijinta sarai, in tsohuwar ta tafi bai gan ta ba, har ya mutu ba zai yafe wa kansa ba.

"Kai da ka ga allura jiri yake ɗibarka, me za ka tsinana min?" ta ce tana dariyar dole. "Saura kwana goma. Tafi!"

Washegari ya tafi, yana waiwaye har ƙofa.

Da azahar ya sauka Iqaluit, inda zai sauya jirgi, sai guguwar ƙanƙara ta rufe gari. Ba jirgin gaba, ba na baya. Kwana biyu yana zaune kan jakarsa, a rana ta uku naƙuda ta kama Leetia. Ta sha wuya, ƙarfen gado ta riƙa damƙa tana kiran sunansa.

Da hantsi, jaririyar na kan ƙirjinta, wayarta ta yi ƙara. Tun daga numfashin Pauloosie ta gane.

"Mama ta rasu, Leetia... ɗazun nan. Ban same ta ba, ke ma ban tsaya miki ba! Ina nan a tsakiya kamar wawa!"

"Ni na tura ka. Ka yafe min..." Kuka ya ci ƙarfinta.

Ta dubi 'yar, jajir da ita, ɗan hannunta a dunƙule. A al'adarsu wanda ya rasu sai an ba sabon haihuwa sunansa, kuma yadda kowa yake kiran mamacin haka zai riƙa kiran jaririn.

"Pauloosie, share hawayenka. Mace ce. Rhoda na nan a hannuna."

Ta kara wayar a ɗan kunnen jaririyar. Can ta ji muryarsa.

"Mama... ni ne. Ki yi haƙuri, na makara."