Jiƙon Bagaruwa a Lambun Bawa

Ranar da Alhassan ya fara ganin Maijidda, da ashana a aljihunsa ya zo. Malamin gona ne na En'e, wato hukumar gargajiya, sabon fitowa daga makaranta, an turo shi daga Isa zuwa fadamar Turba da umarnin Baturen gona: duk lambun da cutar baƙin ɗigo ta kama, a tuge a ƙone. Cutar ta cinye barkonon rabin gari, dattawa kuwa sun naɗe hannu suna cewa ƙaddara ce, kamar Allah ya hana neman magani.

Ya iske Maijidda a lambun mahaifinta Bawa, tana tsoma tsintsiya a ƙwarya tana yayyafa wa ganye wani jan ruwa. Ta ce jiƙon bagaruwa ne da tafarnuwa. Ta lura shukar da ke daf da inda kawunta majemi ke zubar da ruwan bagaruwar jima ita kaɗai ce ba ta kamu ba.

Ya soma dariya irin ta ɗan boko. Ta ɗago ido ta dube shi, dariyar ta maƙale.

"Malam, in ka ƙone lambun ga, mi za mu ci har damina?"

Bai ƙyasta ashanar ba. Washegari ya dawo, suka ware fangali biyu, ɗaya a riƙa yayyafa masa, ɗaya a bar shi. Kullum sai ya zo duba ganye, tana masa ba'a wai wurin barkono yake zuwa zance.

Da ya aika neman aurenta, Bawa ya ce ba zai ba mai yawo da wuta 'yarsa ba. Ana cikin haka Labbo maƙwabcinsu, wanda shi ma ke sonta, ya kai ƙara Isa cewa Alhassan ya ƙi ƙone lambun. Takarda ta zo: Bature zai iso ran Alhamis, za a ƙone lambu, aikin Alhassan kuma zai tafi. Maijidda ta zaci Alhassan ne ya tona su don haushin an hana shi aurenta, ta daina fitowa.

Kwana uku Alhassan ya kasa cin abinci. Ya rubuta takarda da ajami, ya ba goggonta Hajo:

"Jiddata, wallahi ba ni ba ne. Za ni tsaya gaban Bature ko da korata za a yi. Ki tsare mana fangalin nan biyu, su kaɗai suka rage mani, sai ke."

Amsa ta zo a bayan takardar: "Ban yafe ba tukuna. Amma na kewaye su da ƙaya."

Ran Alhamis ya tare bakin lambu, ya roƙi a duba kafin a sa wuta. Fangalin da aka bari ya yi baƙi ƙirin, wanda aka yayyafa wa kuwa kore, sai ɗigo nan da can. Baturen ya tsuguna yana juya ganye har Alhassan ya fid da rai. Can ya miƙe, ya ce a ƙone mai ciwon, a bar sauran.

Bawa ya miƙo hannu. "Ba ni ashanar ga, yaro." Shi da kansa ya cinna wa fangalin wuta. Bai waiwayo ba ya ce manyan Alhassan su zo ran Juma'a.

Bayan tsinkar barkono aka ɗaura aure, jama'a na ta addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Da aka kai amarya, ta ɗaga mayafi kaɗan, yatsunta har yanzu da tabon bagaruwa ƙarƙashin lalle.

"To Malam, yanzu na yafe."