Ɓakon da ke cikin kwamfutar Kamila

Leƙen asirin mutane mugun ciwo ne. Wanda ya kasa shiga gida ta ƙofa da sallama, ya koma bin tsaguwar bango, to ƙarshensa kunya. Ga abin da ya faru a Akurba.

Kamila 'yar Malam Ari tana da shagon buga takardu a bakin titi. Laftof ɗaya ce jarinta, da firinta. Ran nan kwamfutar ta soma nawa. A danna abu, sai an ɗauro alwala an dawo bai buɗe ba. Fankarta kuma na huci ko ba a taɓa ta ba.

Doofan, tela mai shago a jikin nata, ita ta kira mai gyara. Ya zo a kan babur, dogo, da jaka a kafaɗa. Sunansa Ashemi.

"Ina majinyaciyar?" in ji shi.

"Ga ta nan, Likita. In ta mutu a hannunka, kai za ka biya diyya."

Ya ɗago, idonsu ya haɗu. Ya share ƙura, ya goge tarkacen da suka cika wa kwamfutar ciki, ta ɗan yi sauƙi. Sai dai hankalinsa na kan mai shago, har ya manta tambayar da ke kan kowane mai gyara: me aka buɗe kafin ciwon ya fara?

Kafin ya kai gida ya turo saƙo: "Ya jikin majinyaciya? Ni kam na kwaso wani ciwo a shagonki, ban ga maganinsa a jakata ba."

Ta mayar: "Likita da ciwo? To mu marasa lafiya ina za mu?"

Daga nan ya zama Likitana, ita kuma ta zama Tauraruwa.

Kwana uku, nawar ta dawo, ta zo da 'yan rakiya. Da tsakar rana, titi tsit, Kamila na cin abinci, ta ga kibiyar allo ta motsa da kanta. Ta tafi a hankali zuwa kusurwa ta tsaya. Wani ɗan haske mai kama da idon mage ya kama a saman allon, ya ɗauke.

Sai wayarta ta yi ƙara. Lambar baƙuwa ce.

"Koren mayafin nan ya fi na jiya yi miki kyau."

Ta leƙa waje. Ba kowa sai akuya a gindin mangwaro.

Washegari wani saƙon ya shigo: "Kin bar shinkafarki ta huce. Ci mana."

Cokalin ya faɗi daga hannunta. Doofan ta rugo, ta karanta, ta yi baya tana riƙe da ƙirji.

"Kamila, wannan abu ba mutum ba ne o! Shago ɗin nan yana da aljani. Ni ba zan shiga kuma ba, abeg."

Mahaifiyarta Yagana ta sa aka yi hayaƙi, aka yayyafa ruwan addu'a a kusurwa huɗu. Makonni suka wuce, saƙonni ba su tsaya ba. Ranar da Kamila ta faɗa wa Doofan a cikin raɗa cewa Ashemi zai turo magabatansa, kafin La'asar aka rubuto mata: "Ba za su zo ba."

Malam Ari kuwa da ma yana da nasa zaɓin. Babandi, ɗan amininsa, ma'aikacin ofis mai mota, shi ma yana neman Kamila. Abin da ke burge tsohon, Babandi ya san buƙata kafin a faɗa. Tawadar firinta ta ƙare, sai ga shi da ita. Kanta ya yi ciwo, sai ga shi da magani.

"Yaron nan Allah ya ba shi basira," in ji Malam Ari. "Wancan mai gyaran kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Kafin ya taɓa na'urar nan wa ya turo miki saƙo? Shi ya sa mata ido. Kada in ƙara ganin ƙafarsa."

"Baba, ba halinsa ba ne."

"Kin san halinsa a wata biyu?"

Ita ma zargi ya soma shiga ranta. Ta rubuta wa Ashemi: "Don Allah ka gaya min gaskiya. Kai ne kake kallona?"

Ya mayar mata: "Tauraruwa, in ina son ganinki, sallama nake yi. Laifina ɗaya, ban tambaye ki ba tun ranar farko. Ki tuna da kyau: kafin ta fara nawa, wace takarda kika buɗe daga imel?"

Ta zauna ta yi tunani. Akwai wata. Babandi ya turo mata takardar ofis maƙale a imel, wai ta buga masa. Ta danna, allo ya yi walƙiya, ba abin da ya buɗe. Ya ce kuskure ne, ya kawo takardar da hannu. Ta manta da zancen sai yanzu. Ta rubuta wa Ashemi duka.

"Kashe ta," in ji Ashemi. "Ki ba Doofan ta kawo min. Kada ku yi magana a gabanta."

Doofan ta naɗe laftof ɗin a zane, ta riƙe nesa da jikinta har shagonsa. Ya raba ta da intanet kafin ya kunna. Ya buɗe jerin manhajojin da ke aiki a ɓoye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa ya ga wata ta ari suna irin na firinta, ita ke cinye ƙarfin na'urar. Ya bi sawunta zuwa wata ma'ajiya. Ya danna.

Muryar Kamila ta cika shagon, tana dariya, tana raɗa, tana karatun Alƙur'ani ita kaɗai. Ga hotunanta ɗaruruwa, ba ɗaya da ta san an ɗauka. Abin yana naɗa yana aikawa, shi ne nawar.

Doofan ta ce, "Goge shi! Goge shi yanzu!"

"In na goge, na goge shaidata."

Ya tafi ya sami Malam Ari a ƙofar gida, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ba zan kama sunan kowa ba, kada a ce kishi ne. Na'urar nan tana kai magana wani wuri. A mayar da ita shago a kunna. Ka faɗi wata magana a gabanta, wadda ni ban sani ba, kowa bai sani ba. Sai mu ga bakin da za ta fito."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Gani ya kori ji," in ji shi.

Aka mayar da kwamfutar. Ranar Laraba Malam Ari ya shiga shagon 'yarsa, ya rufe ƙofa, ya zauna daidai gaban allon. Ɗan hasken nan ya kama. 

"Kamila, na gaji da rigimar nan. Akwai abin da na ƙudurta a raina. Duk wanda ya sauke min doyar Agyaragu guda arba'in da ɗaya, da farin zakara, kafin a tafi masallaci ran Juma'a, ba tare da an gaya masa ba, shi Allah ya nuna min. Kada ki faɗa wa kowa, ko uwarki."

Ya karɓi wayarta ya sa a aljihu. Har Juma'a ba ta fita daga gida ba.

Juma'a da hantsi, Malam Ari na zaune da abokansa a ƙofar gida, mahaifin Babandi na cikinsu. Sai ga mota ta tsaya. Babandi ya fito cikin farar shadda, ya buɗe bayan mota, ya shiga sauke doya. A ƙarshe ya ciro farin zakara.

"Baba, wucewa na yi ta Agyaragu, kawai zuciyata ta ce in yi maka tsaraba."

"Madalla. Ƙirga min su."

Ya ƙirga da murmushi. Arba'in da ɗaya.

"Ita ɗayan nan ta saman, zuciyarka ce ta ce ka ƙara?"

Murmushin ya bushe.

"A gaban mutum ɗaya na yi maganar nan, da na'ura ɗaya. 'Yata tana cikin gida, wayarta na aljihuna. Babandi, wa ya gaya maka?"

Zakara ya yi cara a hannun Babandi. Aka aika aka kira Ashemi, ya ɗauko laftof daga shago, ya kunna wa dattawa muryar Malam Ari tana lissafa doya. Mahaifin Babandi ya miƙe, ya kama hannun amininsa, ya tafi da ƙafa.

Malam Ari ya juya ga Ashemi. "Ɗana, na zalunce ka. Ka yafe min. Ka ce wa manyanka ƙofa a buɗe take."

Ashemi ya kwashe takardun Kamila masu tsabta, ya wanke kwamfutar tas, ya sake mata komai, aka canza duk kalmomin sirri. Ya kafa wa Kamila doka: abin da aka maƙala a imel, ko daga wa ya fito, a tambaya kafin a danna.

Da yamma ta rubuta: "Likitana, na yi zarginka. Da wane ido zan dube ka?"

"Da wanda kika dube ni ranar farko, Tauraruwa. Shi ne bai bar ni na yi aikina daidai ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ari. Doofan ce ta ɗinka kayan amarya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya tsare su daga idon da ba su gani.

Shi kuwa Babandi, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya rasa Kamila. Ya rasa amincin shekara talatin da ke tsakanin gidajen biyu. Da labari ya kai ofis, aka karɓe kwamfutar da ke gabansa da kujerar da yake kai. Duk shagon da ya shiga a Akurba, sai a yi shiru har ya fita. Doya arba'in da ɗaya da zakara kuwa, bai dawo ya ɗauka ba.